Nikel Mai Ƙafa Uku

Ni mai walda ne. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, duk ina yi. Turancina kuwa bai wuce abin da ke jikin kwalin wayar walda ba, shi ma hoton nake bi. Amma lokacin da Auta, 'yata ta ƙarshe, ke shirin jarrabawar baki a jami'a, sai da na haddace kalmomi uku ba da niyya ba, don su take ta maimaitawa a gaban madubi: central nickel atom.

"Wai wane ne wannan da kike ta kira?" na ce. "In mutumin kirki ne, ya shigo mu gaisa."

"Baba, ƙwayar zarra ce ta nikel, mai zama a tsakiya. Wasu huɗu sun kewaye ta, kowacce ta riƙe ta."

"Kamar ni a gidan nan ke nan."

Uwarta ta leƙo daga kicin. "Kai dai tsakiyar tabarma ka sani, in an sauke tukunya."

Matsalar Auta ba ta ilimi ba ce. A takarda ba mai kama ƙafarta. Amma da ta tsaya gaban malamai za ta yi Turanci, sai harshe ya naɗe, ta yi tsuru-tsuru kamar kaza ta ga wuƙa. Haka ta faɗi wannan jarrabawar bara, in kuma ta sake faɗuwa bana, sallamar ta za a yi daga karatun. Shi ya sa ta yanke shawarar shiga da abin nunawa a hannu, in baki ya ƙi, yatsa ya taimaka.

Ta zana mini shi: ƙwallo a tsakiya, sanduna huɗu sun fita kamar alamar tarawa, kowace da ƙaramin ƙwallo a baki.

"A kwance, Baba. Shafe kamar faranti."

"Ke za ki koya mini ƙarfe?"

A shago na samo ƙwallon ƙarfe irin na adon saman ƙofa, na yanka siririn rodi gida huɗu na haɗa su da ƙwallon, na liƙa noti a bakin kowanne. Na ajiye a kan benci na ja baya. Abin ya baje kamar ƙadangaren da mota ta taka. Na tsayar da shi, ya faɗi. Na jingina shi da gwangwanin fenti, ya zame.

To, a sana'armu, abin da bai tsaya da ƙafarsa ba, ba a gama shi ba. Yaya za a yi 'yar mai walda ta shiga gaban manya da abin da ke faɗuwa? Na hura wuta, na lanƙwasa sanduna uku ƙasa, na ɗaga ta huɗun sama. Ya tsaya cak kamar murhu. Na shafa wa na tsakiyar koren fenti, na sa a kwali na naɗe, na ce kada kowa ya buɗe sai ya bushe. Ranar har waƙa na yi a banɗaki.

Da safen jarrabawa na sa farar rigata, na goya Auta a babur, kwalin a tsakaninmu. A barandar sashen, ɗalibai na zaune a layi suna cizon farce, ta buɗe.

Ta dube shi. Ta dube ni.

"Baba, mene ne wannan?"

"Gyara na yi miki. Ɗora shi ki ga ikon Allah."

"Na ce a kwance!"

"A kwancen faɗuwa yake yi."

"Ai ba kujera ba ce, Baba! Wannan siffar wani sinadari ne dabam. Nawa a shafe yake. Innalillahi, ka gama da ni!"

Na buɗe baki zan kawo hujja, sai aka leƙo aka kira lambarta. Ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan haka ba. Fuskar uwarta ce sak, ranar da na yi wa tukunyarta walda ta koma yoyo ta wuri biyu. Ta cafki hannun rigata.

"Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Taso."

Malamai uku ne a bayan dogon tebur. Ta tsakiyar, wata dattijuwar farfesa, ta dube ni ta saman tabarau, ta yi tambaya. Auta ta dangwarar da ƙarfen a gabansu, ta nuna ni da yatsa, ta soma.

Jama'a, ashe haushi maganin tsoro ne. Turanci ya ɓalle kamar an fasa bututun ruwa. Ni dai ina tsaye ina murmushi irin na wanda ake zagi da harshen da bai iya ba. Daga baya ta fassara mini: wai ta ce musu ga abin da mahaifinta ya ƙera bayan ta yi masa bayani dalla-dalla. Wai in ƙwayoyin sinadarin kulorin huɗu ne suka kewaye nikel, haka yake tsayawa da ƙafa uku, amma nata na sinadarin sayanaid ne, su kuwa kwantar da shi suke yi.

Sai ta juyo. "Baba, kwantar da shi."

"A nan?"

"A nan."

Rodin da na lanƙwasa da wuta ne fa, yanzu ya huce. Na kama da hannu biyu, ya ƙi. Na sa gwiwa. Na yi nishi irin wanda bai dace da jami'a ba. Sanda ta farko ta miƙe, ta biyu ta bi, a ta uku na ji rigata ta yi ɓarrr a hammata. Auta ko a jikinta. Tana bin hannuna da biro, tana bayyana abin da ke canzawa, malamin gefe na jefo tambaya tana cafewa tun kafin ta faɗi ƙasa.

Da na sauko da ta huɗun, abin ya kwanta, farfesa ta share hawayen dariya, ta taɓa koren ƙwallon, ta ce da Hausa, "To Baba, tun da kai ne injiniyan, wannan me sunansa?"

Na gyara tsayuwa, na matse hammata. "Santiral nikel atom, ranki ya daɗe."

Malamin gefe ya kifa kai a tebur. Cikin mutunci aka nuna mini ƙofa.

A baranda na zauna cikin ɗalibai, hannu ɗaya manne da jiki kamar mai karaya. Addu'ar da ban yi ba, ban iya ta ba ne. Can ƙofa ta buɗe. Auta ta fito a hankali, ta zo gabana, sai ta daka tsalle.

"Na ci, Baba! Na ci!"

"Alhamdu lillahi. Ai da gangan na yi."

"Baba."

"To, ba da gangan ba. Amma ko da wasa kada uwarki ta ji zancen rigar nan."

"Na riga na tura mata hoto."

Haka muka hau babur, iska na shiga ta inda tela bai yi ƙofa ba. Auta na baya ta ɗaga ƙarfenta sama, duk wanda muka wuce sai ta gaishe shi da Turanci, har da mai faci da akuyar da ke tsallaka titi.