Ɗanyar Marmara

"Ku tsayar da giwar! Ku tsayar da ita, na ce!"

Muryar Ponlok ta dushe tun hantsi, amma mai giwa ya ji. Igiyar da giwar ke ja ta saki. Ƙaton dutsen kan ƙofa, wanda masassaƙa suka shekara biyu suna fitar masa da furanni, ya zauna a karkace. Bangon da ke ƙarƙashinsa sai nitsewa yake a hankali, kamar an taka dafaffiyar shinkafa.

Ponlok ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana shugabantar magina a haikalin nan. Ya danna farce a jikin jar marmarar tushe, farcen ya shige. Marmara kuwa da taushinta ake yanko ta daga rami, sai ta sha rana wata uku kafin ta iya ɗaukar nauyi.

"Nuon!"

Ƙanin matarsa, mai kula da ramin, ya fito yana sosa ƙeya.

"Yaya, ta waje fa ta bushe."

"Kai ma ta waje ka yi kama da mai hankali. Kwananta nawa a rana?"

"Ashirin... to, sha takwas." Ya rage murya. "An ce in ƙofar nan ta tsaya kafin ruwan fari, za a sallami 'yan ƙauyenmu su je shuka. Kai ba ka gaji ba? Matarka, Yaya Sophal, ta ce ta fara manta kamanninka. Mu tokare bangon, mu shafe da farar ƙasa, wa zai sani?"

Ponlok ya dubi mutanensa, su arba'in, kafaɗu duk kanta. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Shi kansa ƙashin bayansa gida yake so. Amma damina ɗaya ta isa ta kwanto dutsen nan a kan duk mai wucewa.

"A sauke," ya ce. "Har tushe."

Wani ya jefar da gudumarsa. Wani ya zauna daɓas a ƙasa. Shukar bana ta wuce su ke nan.

Ba su gama ɗaura igiya ba sai ga wani baƙo ana riƙe masa laima biyu, ƙafarsa ko ƙura babu.

"Wane ne Ponlok a cikinku?" ya tambaya. "Jibi sarki zai ratsa ta ƙofar nan."