Kwale-kwalen Ƙarfe Bakwai

Ɗalibai suna kiransa Baba Agogo, bai kuma taɓa jin haushin sunan ba. Shi ne mai gadin makarantar sakandaren, aikinsa ɗaya ne: in an kaɗa ƙararrawa ya ja ƙofar ƙarfe, ya zura sakata. Wanda ya zo bayan haka ya koma inda ya fito. Ba ya sauraron roƙo. Ya yi imani lalaci ne ke kashe yaro, kuma sau da yawa yana da gaskiya.

A zangon ƙarshe malamai suka zauna don su taimaki 'yan ajin fita. Suka sa musu ƙarin darasi da safe, a rufe ƙofa bakwai da rabi maimakon takwas da rabi. Shugabar makaranta ta ƙara da cewa duk wanda ya yi fashin kwana goma ba za a aika da sunansa jarrabawa ba. Niyya ce mai kyau. Amma wanda bai duba ƙasa ba, da kyakkyawar niyya yake taka ɗan tsako.

Tun daga ranar, yara bakwai suka riƙa isowa ƙarfe takwas, kullum tare, kullum cikin gumi. Duk daga ƙetaren kogi suke. A cikinsu akwai 'yar mai tukwane, wadda ba ta taɓa sauka daga ta uku a aji ba. Ranar Juma'a ta riƙe ƙarafan ƙofar da hannu biyu.

"Baba, don girman Allah. Yau na tara ke nan."

"Na iya ƙirga, 'yar nan. Rana ba ta jira ki ba, ni zan jira ki?"

"Wallahi tun gari bai gama wayewa ba nake bakin ruwa."

"Kowa da tasa. Bara wani ya ce min akuya ta cinye masa takalmi."

Babu wanda ya yi dariya. Yarinyar ta saki ƙofar.

"To ka taka hanyar da ƙafarka, Baba. In ka ga ana iya isowa, ni da kaina zan ƙone littattafaina."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ba tausayi ya tashe shi ba, so yake ya ƙaryata ta. Ranar Asabar ƙarfe shida ya bar ƙofar makaranta, ya miƙi hanyar kogi da saurin da ya san yaro zai iya, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Bakwai saura kwata ya isa gaɓa. Can ƙetare mutane sun taru, kwale-kwale kuwa yana ɗaure. Sai bakwai daidai aka kwance shi. Bakwai da kwata ya taɓa gaɓar da tsohon yake tsaye.

Baba Agogo bai yi karatu mai zurfi ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfinsa ba. Ko tsuntsu ne yaron, sai takwas.

"A'a, tsoho!" in ji mai kwale-kwale yana kafe sandarsa a laka. "Yau kurkukun naka babu fursuna ne?"

"Me ya hana ka tashi ƙarfe shida?"

"Duwatsu uku a tsakiyar ruwan nan. Sai rana ta hau kansu nake ganinsu. Ubana ya yi gaggawa sau ɗaya, mutum huɗu aka tsamo. Ni ba zan yi ba, ko wa ya aiko ka."

"Yaran makaranta fa?"

"Su ne farkon zuwa kullum. Na ɗauka kun sani."

"Ba mu sani ba."

"To wa kuka tambaya?"

Tsohon ya juyo, tafiyar da ya yi a minti arba'in da biyar ta ɗauke shi fiye da awa.

Litinin ita ce rana ta goma. Kafin bakwai yana ofishin shugaba, tsaye tsakanin kabad ɗin takardu da tulin kujerun da suka karye, hularsa a hannu. Ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba.

"Baba, doka doka ce," in ji ta. "Kai ka fi kowa faɗar haka."

"Na faɗa, Malama. Amma dokar nan ba ta san da kogi ba, ni kuma da aka ba ƙofa ban tambaya ba. Sau tara na ce wa masu gaskiya maƙaryata."

"Sai malamai sun zauna ranar Laraba."

"Kafin Laraba sunan 'yar mai tukwane ya fita. Yau ba zan zura sakatar nan ba. In laifi ne, ga makulli, ki ba wani."

Shugaba ta jawo rajista, ta bi sunayen da yatsa, ta ga garinsu ɗaya. Sannan ta ce a mayar da ƙarin darasin bayan tashi, kwanakin nan tara kuma a soke su.

Ƙarfe takwas ya tsaya a buɗaɗɗiyar ƙofa. Mutum uku suka ɓullo: 'yar mai tukwane da samari biyu. Ta dube shi, ta gaishe shi kamar kullum, ta wuce aji. Ba ta yi godiya ba, shi ma ya san bai cancanta ba.

Da aka tashi ya bi su ya haye kogi, ya shiga gida gida neman sauran huɗun. Ɗaya ya yarda ya dawo. Ɗaya ya riga ya bi babbar mota zuwa birni. Biyu 'yan gida ɗaya ne, suna wurin buga bulo, ubansu kuwa ko tabarma bai shimfiɗa masa ba.

"Kun koro min su sau tara," in ji shi. "Ba ni zan tura su na goma ba."

Ranar jarrabawa aka jera tebura a babban ɗaki, kowane da lambarsa. Yarinyar ta zauna a nata, ta sunkuya tana rubutu. Tebura uku suka rage babu kowa. Mai kula da jarrabawa ya ce a fitar da su, suna tare hanya. Baba Agogo ya hana kowa taɓawa. Shi ya ɗauke su a kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya kai ɗakin ajiya.