Wuta Domin Ilarie Mai Goge

Malama Veturia ta zazzage aljihun tebur na ƙarshe a ƙasa. Tsofaffin tsirkiyoyin goge suka zubo, da guntun ƙaro, da kwalaben magani. Ashana dai babu.

A kan gado, maƙwabcinta Ilarie yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. Ta riga ta sanya masa siririn kyandir ɗin coci a hannun dama. Wuta kawai ta rage.

A garin Brăila, kamar ko'ina a ƙasar, ba a barin mutum ya cika babu kyandir kunne a hannunsa. Wanda ya tafi cikin duhu, in ji magabata, haka zai yi ta lalube a can. Tun hunturun bara Ilarie ya tare ta a matakalar bene.

"Malama, duk ƙarar da kika kai ni saboda gogen nan, na yafe. Amma 'yata tana Italiya. Ranar da abin ya zo, ke za ki riƙe mini kyandir."

"Daina zancen banza, tsoho. Kai za ka binne mu duka."

Ta dai yi alkawari, ta kuma sayi kyandir ɗin ta ajiye masa a bayan hoton Uwar Almasihu. Ashanar tana ɗakinta, tsallaken baranda. Amma ɗazu da ta ji faɗuwarsa ta fito a guje, iska ta bugo ƙofarta ta kulle, makullin yana ciki. Murhun Ilarie na lantarki ne, taba kuwa ya bari tun da likita ya hana shi. Ta buga ƙofofin benen ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya amsa. Asabar ce ta bikin kiɗa, an hana motoci shiga unguwar, kowa yana titi. Motar asibiti sun ce tana hanya. Limamin cocinsu yana wajen ɗaurin aure a bayan gari.

"Buɗe," in ji Ilarie, idonsa a kan tagar da ta rufe.

"Wannan hayaniyar za ka saurara a irin wannan lokaci? Ka ambaci Ubangijinka."

"Ina ambato. Buɗe."

Ta buɗe. Unguwar gaba ɗaya ta afko cikin ɗakin: masu begila daga kan kwana, kiɗan akodiyan daga gidan abinci, gangunan samari daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, can nesa kuma mawaƙan coci a dandali. Yatsun hannunsa na hagu suka fara motsi a kan bargo, suna danna tsirkiyar da babu ita.

"Mai begilar nan," ya ce a hankali, "kullum gaggawa."

"Zan sauka in samo wuta. Kada ka kuskura ka tafi kafin in dawo. Ka ji ni?"

"Ina za ni ba takalmi?"

Ta sauka tana dafe da ƙarfen matakala, silifas ɗin gida a ƙafarta. Rana tana tsaka da zafi, titin cike da ƙamshin gasasshen nama. Ta kama hannun wata budurwa da hayaƙi ke fita daga bakinta.

"'Yata, ashana, don Allah!"

Yarinyar ta nuna mata wani abu kamar alƙalami. "Sigarin lantarki ne, Kaka. Caji ake masa."

A kan kwana masu begila sun yi da'ira, kumatu a kumbure, jama'a na rawa kafaɗa da kafaɗa. Ta ɗaga murya, ko ita ba ta ji kanta ba. Wani mai gashin baki ya ɗauka rawa take so, ya riƙo hannunta yana dariya. Ta fizge. Ta hango hayaƙin mai gasa nama a ƙarshen titi, amma tsakaninta da shi jama'a ce kamar bango. Ta ɗaga kai ta dubi tagar Ilarie a hawa na sama, labulen yana kaɗawa.

Sai ta ga Mioara.

Mioara ce mai ɗakin kiɗan da ke ƙarƙashin benensu, mace mai ƙiba da ta haura hamsin, gashinta rine ja. Tana waƙa da muryar da ta dusashe saboda taba, kuma duk wanda ya zo da abin kiɗa tana ba shi wuri. Malama Veturia ta sha kira mata 'yan sanda saboda hayaniya. Rabonsu da gaisuwa an daɗe. Yanzu tana tsaye a bakin ƙofarta tana hutawa tsakanin waƙoƙi, sigari a baki.

"A'a, Goggon ƙorafi da kanta!" in ji Mioara. "Yau hukuma ce ta ba mu izini. Je ki kai ƙarar magajin gari."

"Ba ni wuta."

"Kin fara shan taba ne a tsufa?"

"Ilarie ne. Kyandir na hannunsa, ba ni da ashana."

Sigarin ya faɗi daga bakin Mioara. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta da sauri, ta waiwaya ta ce wa mai jitarta, "Ku ci gaba ba ni." Ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, ta shige benen da gudu.

Malama Veturia ta bi bayanta. Tun a hawa na farko aka bar ta a baya. Tana jin sawun Mioara yana nisa a sama, ita kuwa tana riƙe da ƙarfen matakala, tana addu'a a kowane taki. Ya Ubangiji, ka tsayar da shi kaɗan. Ni na yi alkawarin, kada ka kama shi da sakacina.

Da ta isa, ƙofar a buɗe take. Mioara na durƙushe a gefen gado, ta dunƙule hannun tsohon cikin nata biyu. Kyandir yana ci. Yatsun hagun sun daina motsi a kan bargo.

Malama Veturia ta tsaya a bakin ƙofa har numfashinta ya dawo. Ta ƙaraso ta duba fuskarsa, ta shafa idanunsa suka rufe.

"Allah ya gafarta masa," in ji Mioara. "Shi ya fara ɗora ni kan dandamali, ina yarinya. Ya ce muryata kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, amma mutane za su so ta."

"Mioara. Kafin ki kunna ya cika, ko bayan kin kunna?"

Mioara ba ta ɗago ba. Kwalliyar idonta ta zubo baƙa a kumatu.

"Bayan na kunna, Goggo."

"Ki dube ni ki faɗa."

Ta ɗago, ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta mayar da ido kan harshen wutar. "Ya gani. Na ce miki ya gani."

Malama Veturia ta dubi kyandir ɗin. Bai ci wani abin kirki ba, amma ita ma ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a matakala ba. A ƙasa masu begila suka shiga wata waƙar, da gaggawarsu.

Mioara ta share fuska. "Bari in rufe tagar nan, in je in ce su yi shiru."

"Bar ta," in ji Malama Veturia. "Ta nan ran zai fita. Su ma bar su."

Ta durƙusa da ƙyar a ɗaya gefen gadon, ta karɓi hannun Ilarie daga hannun Mioara. Iskar taga tana kwantar da harshen wutar gefe guda, har ya kusa mutuwa. Ta kewaye shi da tafinta. Narkakken kakin ya gangaro a kan yatsun tsohon, ya sauka a kan nata, ya daskare.