Tunatarwa a Gidan Makoki

Ran sadakar ukun Hajiya Ɗelu na gane cewa kullum da safe ina aika wa mijinta saƙon rashin kunya, ni ban ma sani ba.

Bari in fara daga farko. A watan Yunin 2021 ina shekarar ƙarshe ta digiri na uku a Kuala Lumpur, gari a kulle saboda korona. Wata ƙungiya ta fitar da gurbin horo na wata tara ga masu babban digiri, za a tura mutum ya zauna da kwamitin harkokin mata a majalisa a Abuja, yana taya su bincike da rubuta daftarin doka. Ni kuwa bincikena kaf a kan hutun haihuwa ne a ma'aikatu masu zaman kansu, tun da aka sallami yayata Rabi daga makarantar da take koyarwa, jaririnta yana da sati biyar. Ina son gurbin nan har cikin ƙashina.

Na cike komai, saura wasiƙar shaida daga malamin da ya san aikina. Na sa sunan Dakta Maikano, dattijon da ke koyarwa a jami'armu, wanda duk ɗaliban Arewa ke taruwa a gidansa da ke unguwar Sri Petaling ran Sallah. Matarsa Hajiya Ɗelu ce ma ta turo mini tallan gurbin. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kama ta. Ta yi kwana tara a asibiti, ran Lahadi Allah ya karɓi abarsa. Ba wanda ya je jana'iza a cikinmu, ta waya muka yi ta'aziyya.

Ranar rufe gurbin Juma'a ce da rana. Amma wa zai buɗe baki ya ce da mutumin da ya binne matarsa shekaranjiya, "Malam, ina takardata?" Sau biyu na kira, na ce ya haƙuri, ya ce haƙuri sai ma'abocinsa, na kashe waya. Na haƙura da maganar.

Ran Talata na shiga shafin neman gurbin don in ga ko za a iya canza malami. Sai na ga wani ɗan layi a ƙasa: an tura tunatarwa ta uku. Na danna. Ashe idan saura kwana biyar, injin nasu yana tura saƙo kullum ƙarfe takwas, da sunana a sama: Zulaihatu tana jiran wasiƙarka, lokaci yana ƙurewa. Na farko ya tafi ran Lahadi. Ran Lahadin.

Na kira Kamila, wadda muke zaune gida ɗaya a unguwar Bukit Jalil, ta karanta ta kaina tana cin biredi.

"Automatic ne, inji ke turawa da kansa," ta ce. "Kowa ya sani."

"Malam ya sani? Mutumin da har yau ɗalibai ke buɗe masa Zoom?"

Ta daina tauna. "To canza malamin mana."

Ba a canzawa. Na rubuta wa ƙungiyar, injin ya amsa cewa za a duba cikin kwanakin aiki biyar. Maɓalli ɗaya ne zai tsayar da saƙonnin, shi ne na janye takardar neman gurbin gaba ɗaya. Na yini ina kallonsa. In na danna, shekara uku na bincike da korar Rabi sun koma cikin durowa. In na bari, gobe ƙarfe takwas zan sake ƙwanƙwasa ƙofar gidan makoki ina cewa a yi sauri. Tsoro nake ji, kuma haushin kaina ya fi tsoron yawa.

Laraba da safe saƙo na huɗu ya tafi, ina zaune ina kallon agogo. Na tashi na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, na zuba a kula. Kamila ta ce in 'yan sanda suka tare mu ni zan yi bayani, tunda ni ce mai digiri a doka. Ba su tare mu ba.

Malam ya fito ya tsaya cikin get, mu a waje, kowa da takunkumi. Ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa. Na rataye kular a ƙarfen get, muka yi gaisuwa, muka yi addu'a. Sai na sunkuyar da kai.

"Malam, afuwa na zo nema. Saƙonnin nan da ke zuwa da sunana, wallahi ba ni ke tura su ba. Yau zan janye takardar su daina."

Malam ya girgiza kai.

"Ki janye ki kai ta ina?"

Ya sauke kular daga ƙarfen get.

"Na ga saƙonnin, Zulai. Na san ba halinki ba ne." Ya gyara takunkuminsa. "Ran da za a tafi da Hajiya asibiti, muna jiran mota, numfashi da ƙyar, faɗa take mini. Wai na cika jan ƙafa, in zauna in rubuta wa yarinyar nan takardarta. Na ce sai kin dawo. Maganarmu ta ƙarshe ido da ido ke nan."

Kamila ta juya baya tana share ido.

"Na rubuta tun Litinin," ya ce. "Wurin da ake sa ta ne na kasa ganewa. Ita ke yi mini irin waɗannan. Ni kuma na ji nauyin in kira ki, kina ta'aziyya in ce zo ki gyara mini kwamfuta."

Ya shiga ciki ya fito da kwamfutar a buɗe, ya ɗora a kan bangon get, ya juyo da fuskarta wajena ya ja baya. Na nemo saƙon safiyar ranar, na danna, na nuna masa inda zai ɗora. Ban karanta wasiƙar ba, ba a yarda ba. Sunan da ya sa wa fayil ɗin kawai na gani: Aikin Hajiya.

"Ke danna maɓallin turawa," ya ce. "Ni hannuna ba ya tsayawa."

Na danna.