Kamu Uku

Wata biyu Alkasum maƙeri bai ɗora guduma kan uwar maƙera ba. Tun ranar da kumandan Nasara ya zube masa buhun korayen duwatsu a ƙofar gida, ya ce akwai jan ƙarfe ciki, aikinsa ya koma kwaɓa laka. Sharaɗin a fili yake: in ƙarfe ya fito, za a bar mazan unguwar maƙera a gida. In bai fito ba, su bi ayarin soja zuwa Fachi da kaya a ka. Waɗanda aka kwasa bara, rabinsu ne suka dawo.

Kumandan ya zana murhun narka duwatsun a takarda, da layuka tsaf-tsaf, shi da bai taɓa hura wuta ba. Tafintansa Inoussa ya duba ya ce tsayi kamu uku. Alkasum ya auna da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, sau uku. Ya gina, ya tsage. Ya ƙara kashin jaki a lakar, ya sake ginawa. Na huɗu ne ya tsaya. Shi da wansa Illiya suka wuni kan zugazugi har kafaɗa ta mutu, da la'asar jan ƙarfe ya taru a gindi, kamar cikin tafin hannu. Gajiya ta hana su ko murna.

Kumandan ya zo da sandar awo. Bai dubi ƙarfen ba, murhun ya auna, ya yi ta faɗa.

"Wai metir uku ya rubuta," in ji Inoussa, yana kallon ƙasa. "Metir ɗaya kamu biyu ne. Ni na ɗauka duk ɗaya ne, Baba."

Alkasum ya ce, "Gaya mishi zugazugin fatar akuya ba ya cika murhu kamar ɗaki da iska. Wutar can sama za ta mutu."

Inoussa ya faɗa, ko ya faɗi rabi. Amsa ta dawo gajera: a rushe, a bi takarda.

Alkasum ya ɗauki galma. Lakar da sauran ɗuminta. Ya juya zai ce wa Illiya ya kama masa, ya gan shi ya riga ya yi ƙofa.

"Yaya, ina zuwa?"

"Gida. In ce wa matata Zeinabou ta fara dakan guzuri."