Kwakwar Osmond

Tun daga bakin hanya na ji kukan injin yankan itace, na ajiye kwandon kifi na ruga. Ina isowa sai ga Yaya Linval tsaye da farin wandonsa, hannu a ƙugu, wasu ƙarti biyu sun ɗaure wa kwakwar Osmond igiya, ɗaya har ya fara cin gindinta.

Osmond ƙanenmu ne. Teku ta tafi da shi da kwale-kwalensa, ko hularsa ba a tsinta ba. Duk faɗin Jamaika ba shi da kabari. Abin da ya rage na jikinsa a ƙasa cibiyarsa ce, wadda Mama ta binne satin da ta haife shi, ta dasa kwakwa a kai, yadda ta yi wa kowannenmu. Kullum da safe a gindinta Mama ke jan kujera ta sha shayinta tana ba shi labari.

Na ce, "Ku kashe injin nan, ko wallahi in kashe wani."

Linval ya ce, "Ivorine, daina tara mana jama'a. Ta karkato kan rufina. Guguwa ta zo, ke za ki tare ta?"

"Rufinka? Wa ya aike ka gini a ƙarƙashinta? Fili ga shi har bakin rafi, ka ce kai sai inda za ka hango teku, Baturen Ingila."

"Itace ne fa. Zan sayo wa Mama guda goma."

Ji min mutum. Tun yana saurayi ya tsallaka Ingila, sai kati duk Kirsimeti. Ranar da muke bin gaɓa muna kiran Osmond har muryarmu ta dushe, shi yana can yana shan ɗumi. Yanzu ya dawo da furfura da hancinsa a sama zai koya mana guguwa, mu da ta sha kwashe wa kwanon rufi. Raina ya ɓaci.

Na rungume itacen. Ɗaya ƙaton, ɗan cocinmu ne ma, mara kunya, ya ce, "Anti, matsa, ta riga ta ci rabi, kanki za ta faɗo." Suka fizge ni. Kwakwar ta yi ƙara, ta kwanta, 'ya'yanta suka watse cikin tsakar gida.

Ban tsaya kuka ba. Na zari adda na nufi kwakwar Linval da ke jikin shinge, wadda ke kan tasa cibiyar. Na kai mata sara, na ƙara, ina jira ya ji zafi. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sare mana, in zai sa ki huce."

A lokacin na ga Mama a bakin ƙofa, dafe da sandarta. Ta daɗe tana kallon kututturen. Ta tako a hankali, ta wuce Linval ko kallo bai ishe ta ba, ta riƙe min hannu.

Ta ce, "Ajiye addar, Ivorine."

"Mama, kin ga abin da ya yi?"

"Na gani. Kar ki taɓa min wannan. Ita kaɗai ta rage min ta yarona da ya tafi Ingila."

Linval ya ce, "Mama, ga ni nan ai."

Ta shafa inda na sara, ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Ki sallami baƙon nan mai farin wando, ki kawo min kujerata nan."