Ƙaho a Ƙeyar Ramatu

Da la'asar lori ya sauke su daga Madani. Hadizatu ta goyo 'yarta Ramatu har gida, duk da yarinyar ta wuce goyo, ƙafarta ta hagu na reto kamar ba a jikinta take ba.

Tun ranar da bakin yarinyar ya karkace suna tsakiyar tsintar auduga, Hadizatu ba ta yi barcin kirki ba. A asibiti hakim, wato likita, ya haska idon Ramatu da 'yar fitila, ya ƙwanƙwasa gwiwarta, ya sa ta matse masa yatsu. Hannun hagu ya kasa. Ya ce wata jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, kuma jininta ƙalilan ne. A ba ta ruwa da yawa, kada ta shiga rana, kada a fitar mata da jini ko ɗigo. In abin ya dawo, ya fi na farko muni.

A tsakar gida suka iske surukinta, Alhaji Jibo wanzami, ya baje zabira a tabarma, ƙaho da aska a gefe.

"Kun dawo? Kawo matar tawa nan," ya ce, yana tsokanar jikarsa. "Mataccen jini na ya taru a ƙeya. Ubanta ma haka ni yi mishi."

Hadizatu ta durƙusa. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa musa masa magana ba. Ta dubi mijinta Maliki, shi kuwa ya sunkuya yana kankare laka daga takalminsa.

"Baba, hakim ya ce kar a fidda mata jini."

"Hakim ya san kakanninta?"

"Bai sani ba, Baba. Amma ka duba idonta."

Tsoho ya jawo yarinyar, ya ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa. Fari fat. Ya daɗe yana kallo, ya duba tafin hannunta, sannan ya mayar da aska cikin kube.

"Yau dai babu abin ja. A ba ta hanta da madara. In ta yi jini, mu gani."

Bai ɗaure zabirar ba, rataye ta ya yi a ƙofar ɗakinsa.

Da safe mata suka biyo da buhunansu, za su hawasha, gonar auduga. Audugar Maliki ta buɗe, in ba a tsince ba iska za ta zubar. Hadizatu ta tsaya a bakin zaure. Can gona rana, nan gida surukinta na zaune yana wasa aska.

"Hadizatu, ba ki zuwa?" in ji Sabuwa maƙwabciyarta.

"Ku tafi, Yaya."

Ta ajiye buhun, ta ɗebo ruwa a tulu, ta zauna a inuwa ta ɗora kan Ramatu a cinyarta.

"Sha."

"Inna, na ƙoshi."

"Ƙara kaɗan."